Raƙumin da Maniru Ya Bayar

Maniru taubashina ne. Uwarsa da ubana nono ɗaya suka sha, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa ko a gaban idonsa, iyaka ya kira ni bawansa ni ma in rama. Ni sunana Nuhu, tela ne, kekena yana bakin kasuwar Bodinga tun ina saurayi. Shi kuwa mutumin ƙasar Shagari ne, wani ɗan ƙauye a gefen Dandin Mahe, inda ake gero da damina a yi albasa da rani. In ka je can ka ce Maniru kake nema za a tambaye ka wanne, amma in ka ce mai raƙumi, ko yaron goye zai nuna maka gidan. Har yau haka ake kiransa, alhali raƙumin babu.

A gindin raƙumi ya tashi. Ubansu yana da taguwa guda, da ita yake jigilar hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Shagari, kuma tun Maniru bai kai gwiwarta ba yake riƙe akala. Allo ya taɓa kaɗan, iya abin da zai yi salla, boko kuwa ko ƙofar aji bai leƙa ba. Da damina raƙumi yakan ja garma, shi yana biye yana yi wa mutane huɗa. Da kaka ya kwaso dammunan gero. Amma babban aikinsa na lokacin cirar albasa ne, domin hanyar fadamarsu yashi ce zalla, mota in ta kuskura ta shiga sai an haƙo ta. Buhunan albasar nan da ake jibgewa a bakin titi ana lodawa zuwa kudu, da yawansu a bayan raƙuminsa suka fito.

Dogo ne, baƙi, ba nama, ba magana. Ba ya zaman majalisa, ba ya cin goro, rediyo ma bai dame shi ba. Matarsa Kaltume takan ce in tana son sanin abin da ke ran mijinta sai ta laɓe a bayan danga lokacin da yake ba raƙumi dusa, domin a nan ne kawai bakinsa yake buɗewa.

Su biyu ne maza a wurin ubansu, shi da ƙanensa Haliru. Da tsohon ya rasu malamai suka raba gado, taguwa ta faɗo wa Maniru, 'yar fadamar gidan ta faɗo wa Haliru. Ina wurin, kuma wallahi ba a zalunci kowa ba. Sai dai Allah mai yadda ya so, daminar da ta biyo baya ruwa ya yi ambaliya ya binne fadamar da yashi, ita kuwa taguwa ta haihu. Tun daga nan Haliru ya sa wa ransa cewa wansa ya ɗauki mai rai ya bar masa matacciya. Ba su taɓa zagin juna ba. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna, amma ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba, har furfura ta rufe su duka biyun.

Raƙumin da nake magana a kansa jikan taguwar nan ne. Amale ake ce masa, ƙato, ja, mai mugun hali. Ya taɓa damƙar wani ɗan kabu-kabu a kafaɗa don ya matsa masa ham a kunne. Ni kaina ban taɓa yarda na tsaya a inda wuyansa zai kai ba. Amma in Maniru ne, sai ka gan shi yana sa masa kai a hammata yana shinshinar aljihu.

Ciwon ya shigo a hankali, yadda yake shigar mana mu tsofaffi. Ni na fara lura wata rana da ya kawo mini yadin sallah. Kafin in gama awo ya ɗauki butata ya zagaya, ya dawo, na ɗora magwaji a kafaɗarsa ya sake ɗaukar buta. Na ce, “Taubashi, randa ka haɗiye ne?” Bai yi dariya ba, bai rama ba, nan na san akwai magana. Ashe an daɗe ana haka. Fitsari ya matse shi kamar zai zubo, ya je ya tsuguna ya yi ta nishi, sai ɗan ɗigo, ya tashi kuma yana jin saura. Ga mai tafiya a ƙasa wannan wahala ce, ga wanda yake can sama a kan raƙumi kuwa azaba ce, domin kowane tsayawa sai ya gurfanar da dabba da kayanta, ya sauka, ya gama, ya hau, ya tashe ta. Tafiyar da yakan yi sawu huɗu a yini ta koma biyu. A masallaci ya koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa, saboda bai amince da alwalarsa ba.

Ya sha sassaƙe da saiwoyi har ya gaji. Masu maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan mota ran kasuwa suka ce sanyi ne, suka cika masa jarka. Tir da su. Wata rana da tsakar rana, a cikin fadama, ana tsakiyar lodi, fitsarin ya tsaya cak. Mara ta kumbura, gumi ya karyo masa, mutumin da ko ƙaho aka yi masa ba ya motsi aka ji shi yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa. A amalanke aka fito da shi bakin titi. A asibiti suka zura masa roba, fitsari ya cika kwano, aka tura shi Sakkwato.

Likitan Sakkwato ya yi masa bayani. Ya ce akwai wani ɗan ƙullutun nama a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, su suna ce masa furostet, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In shekaru suka ja yakan girma ya shaƙe hanyar. Ya ba shi ƙwayoyi, suka yi aiki na ɗan lokaci, abu ya dawo, aka mayar da roba. Ni na ɗinka masa aljihu a cikin wando, ta gefen cinya, inda jakar fitsarin za ta zauna ba wanda ya gani. Hawa ya gagara, sai ya riƙa jan Amale a ƙasa, yana tafiya a talale. Daga ƙarshe likita ya ce ba makawa sai an yi aiki.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Maƙwabcinsu, Malam Zainu, da irin wannan ciwon aka tafi da shi aka yi masa fiɗa, aka dawo da shi a naɗe. Yana da ciwon zuciya tun da can, amma wa ya tsaya lissafa wannan? Abin da ƙauye ya riƙe shi ne, an farke Malam Zainu ya mutu. Wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani gudu yake, balle Maniru da shi ya riƙe ƙafar makarar.

Yana da ɗa, Bashar, mai aiki a wani kantin magani a Abuja, yaro mai hankali. Shi ya bincika ya gano wani asibiti a can inda ake maganin wannan ciwo ba tare da an yanka mutum ba. Ya zo gida takanas, ya aika aka kira ni don in taya shi lallashi, muka zauna a zaure mu uku. Ya ce, “Baba, ba wuƙa a ciki. Wata siririyar roba za su zura ta jijiyar jini a wuyan hannunka, su bi da ita suna kallo a allon na'ura har su kai ga ƙananan jijiyoyin da ke kai wa naman nan jini. Sai su sako wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kai tsabar yashi ba su toshe su. Kamar dai ka datse ruwa daga fangali ne, abin da ke ciki ya yi yaushi ya ƙanƙance. In naman ya rage girma, hanya ta buɗe. Idonka biyu za a yi, ko barci ba za a sa ka ba.”

Maniru ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce, “To, Allah shi yi ma albarka.” Bashar ya fita yana murna ya je ya fara shirin tafiya. Yana ba da baya uban ya dube ni.

“Nuhu, yaron ga ƙarya shika yi mini.”

Na ce haba, don me zai yi maka ƙarya?

“Ƙaryar ladabi ta, ban ga laihinai ba. Ina kat taɓa jin an yi ma mutum aiki a mara an shiga ta hannu? Mu mi munka ce ma Malam Zainu ran da za a tahi da shi? Ba cewa munka yi ɗan abu na kaɗan ba?”

Haka muka ce masa kuwa. Mu nan ba a gaya wa marar lafiya gaskiyar ciwonsa, sai a yi ta sassauta masa har ya cika, kuma kowa ya san ana yi. Saboda haka duk yadda Bashar ya ƙara rantsuwa, haka uban yake ƙara tabbata cewa abin babba ne. Ni ma da nake lallashin, rabin zuciyata tana wajen Maniru, domin maganar shiga ta hannu ba ta zauna mini ba.

Sai ya shiga shirin mutuwa, a natse, yadda yake komai. Ya bi gida gida yana neman gafara, har da ɗan kabu-kabun da Amale ya ciza. Ya mayar da galmar aro. Ana jibi tafiya, bayan la'asar, ya roƙi liman da dattawa biyu su raka shi, ya kwance Amale ya ja shi har ƙofar gidan Haliru, wanda gida biyu ne kawai tsakaninsu. Ya yi sallama, Haliru ya fito yana gyara hula.

“Haliru, ga Amale. Na ba ka shi kyauta, don Allah, duniya da lahira. Abin da kar riƙe a zuciya tun rabon gadon Baba, ka yahe mini.”

Haliru ya ja da baya. “Subhanallahi! Yaya, mi yak kawo wagga magana? Ka tahi ka dawo lahiya.”

“Amshi.”

Ya ƙi sau ɗaya, ya ƙi sau biyu, yadda kunya ta tanada. Maniru ya kama hannunsa ya danƙa masa akalar ya rufe yatsun da nasa. Haliru ya fashe da kuka, ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa. Liman ya yi addu'a aka shafa. A ranar aka shigar da raƙumin bayan gidan Haliru aka ɗaure, kuma a ranar 'yan'uwan nan suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Kaltume ba ta sani ba sai da ta ga turke wayam. Ta ce, “Malam, in ka dawo da mi za mu ci?” Ya ce mata Allah na nan. Ni kuwa da labari ya iske ni a Bodinga na rufe keke na hau mota, raina a ɓace. Na ce masa kai dai ba ka taɓa wayo ba tun muna yara. In mutuwar kake tsoro ka yi wasiyya mana, in ka tafi ya ɗauka, in ka dawo kayanka na nan. Ya ce, “Wasiyya bayan rai ta. Ni so nika in ji da kunnena an yahe mini.” Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da ya faru a Abuja daga bakinsa na ji, Bashar ya cike mini sauran. Likitocin sun fara da ɗibar jini da hotuna, suka tabbatar ba daji ba ne, suka duba ko jijiyoyinsa za su ba da hanya, domin an ce ba kowa aikin yake yi wa daidai ba. Ran aikin aka sa masa wata riga marar baya, wadda ya ce ko ni ban taɓa ɓata yadi haka ba. Aka kwantar da shi a wani siririn gado, ƙatuwar na'ura tana shawagi a kansa. Aka yi masa allura a wuyan hannun hagu, wurin ya mutu. Ya rufe ido ya kama kalmar shahada yana jiran wuƙa. Yana jin likitoci suna magana ƙasa-ƙasa, yana jin wani ɗumi yana zuwa yana wucewa a mararsa, wuƙa dai shiru. Da jiran ya ishe shi ya buɗe ido ya ce, “Likita, yaushe za a hwara?” Wata ma'aikaciya Bahaushiya ta ce, “Baba, ai an gama gefe ɗaya, saura ɗayan.”

Da aka gama suka ɗaura masa wani abu kamar agogo a hannu don tsayar da jini, suka kawo masa shayi. Ya sa Bashar ya ɗaga rigar ya duba masa cikinsa, ko an yanka bai ji ba. Bashar ya ce, “Baba, ai na gaya maka.” Washegari aka sallame shi, da ƙafarsa ya sauko bene. Ya yi 'yan kwanaki yana jin zafi da ciwon mara, aka ba shi magani. Da suka koma asibitin aka zare robar fitsarin, aka ba shi ruwa ya sha, aka ce ya je ya gwada. Bashar ya ce ya daɗe a ciki, da ya fito kuma sai ya nemi inda alƙibla take don ya yi sujudar godiya. Likita ya gargaɗe shi cewa sauƙin a hankali zai riƙa ƙaruwa, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa, don wani lokaci naman yakan sake girma bayan shekaru. Har yau dai da nake wannan magana lafiyarsa ƙalau, ya koma sahun gaba.

Da ya dawo gari ya cika gidansa da 'yan dubiya, mata da kwanonin kunu, maza da addu'a. Kowa yana satar kallon cikinsa. Wanda ya kasa haƙuri ya tambaya, sai ya miƙa hannu ya nuna ɗan tabo kamar cizon sauro. Wasu suka ce ikon Allah, wasu suka fita suna raɗa cewa 'yan Abuja sun yi wa Bashar wayo, ba a yi wa tsohon komai ba. Haliru ma ya zo. Ya durƙusa ya ce, “Sannu Yaya, Allah shi ƙara sauƙi.” Ya zauna, ya sha ruwa, suka taɓa maganar zafin bana da tsadar taki, ya yi sallama ya tafi. Ba wanda ya ambaci raƙumi.

Mu duka mun ɗauka kwana biyu ne zai jawo shi ya kawo. Mako ya wuce, wata ya wuce. Abin ya tsaya mini a wuya, na je wurin liman na tambaye shi hukunci. Ya ce da ɗansa ya ba, uba yana iya karɓe kyautarsa daga hannun ɗa. Amma ɗan'uwa ne, ga shaidu, ga shi ya karɓa ya kai gidansa, to ta zama tasa. Ya kuma tuna mini hadisin da ya kwatanta mai komawa ga kyautarsa da karen da ke komawa ga amansa. Sai dai, in ji shi, in Haliru ya ga dama ya mayar don kansa, wannan alheri ne, ba mai hana shi.

Na wuce wurin Haliru. Na ce kai, wanka ya ba ka raƙumi yana zaton kabari za shi, ga shi Allah ya dawo da shi, me kake jira? Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Ya ce, “Yaya Nuhu, a gaban liman yab ba ni don in yahe mai. In na maida, mutane cewa za su yi yahiyar nim maida. In shina so, shi buɗe baki shi ce, ko da dare na ni kai mai.” Ban ce ƙarya yake ba. Amma na san Haliru, akwai wani gefe na zuciyarsa da ke jin daɗin a ce yau wansa ne zai zo ƙofarsa da roƙo.

Na dawo wurin Maniru na ce kalma ɗaya ce, ka je ka faɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kare kam mai da ni?” Na ce to ka bari in ce kai ka aiko ni. Ya ce in na yi haka ba shi ba ni har abada. Na yi zuwa, na yi dawowa, kuɗin mota ya ƙare mini a tsakanin 'yan'uwa biyu masu taurin kai, na ce ku ƙarata, na koma kan kekena.

Shi kuwa Amale ba ruwansa da hadisi. Yana ɗaure a bayan katanga, in ya ji tarin Maniru da asuba sai ya kama kuka, duk unguwa ta ji. Maniru ya canza hanyar masallaci, ya riƙa zagayawa ta bayan gari don kada ya wuce ta wurin. Damina ta faɗi, masu son huɗa suka koma ƙofar Haliru. Haliru manomi ne, bai san raƙumi ba. Ya ɗaura garma, Amale ya ja ta inda ya ga dama, kunya ta fito a karkace, mai gona ya ce a bar masa kayansa. Ya sa bulala, raƙumi ya gurfana ya ƙi tashi. Wata rana ya kai masa cizo ya yage masa hannun riga har da fata. Daga nan aka daina fita da shi. Tozo ya faɗa, ƙazuwa ta kama masa wuya, kuma duk wannan Maniru yana ji a bakin mutane, yana can gonarsa da kalme a hannu kamar wanda bai taɓa mallakar dabba ba. Bashar ya ce zai saya masa wani, ya ce ya tsufa da koya wa sabon raƙumi halinsa. Kaltume ta shiga sayar da ƙuli-ƙuli, ta kuma daina gaida matar Haliru.

Bayan kaka, wata ranar kasuwar Bodinga, ina cikin ɗinki na ɗaga kai na hangi wani raƙumi ja ana jansa ta bayan rumfuna zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi, mutum biyu a gaba ɗaya a baya da sanda. Ya rame, amma ko a cikin dubu na san shi. Haliru yana biye, hannu a naɗe da tsumma. Na ɗauki waya na kira Maniru na ce ga abin da ake ciki, in za ka zo ka zo yanzu. Ya kashe wayar.

Daga Dandin Mahe zuwa Bodinga tafiya ce. Kafin kabu-kabu ya sauke shi an riga an yi sallama, fatake masu kai wa mahauta sun saya, dillali ya shafa fatiha. Na tare shi a bakin kara na ce mu je mu sami mai sayen mu ɗora masa riba, Bashar zai turo, ni ma zan sa abin da nake da shi. Ya ce, “Abin da nib bayar don Allah ba ni sayen shi.” Na ce to me ka zo yi? Sai ya wuce ni.

Sun ja babbar mota da baya sun jingina ta da tudun da ake lodin dabbobi, amma Amale ya kafe ƙafafu a gindin tudun ya ƙi hawa. Samari sun kewaye shi, wani yana jan akala har hancin yana jini, wasu suna zuba masa sanduna a cinya, shi kuwa yana ruri, kumfa tana zuba. Mutane sun taru suna dariya suna ba da shawara. Maniru ya ratsa su ya ce, “Ku bari.” Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma raƙumin ya ji. Ya yi tsit, ya juyo da dogon wuyan nan yana nema.

Maniru ya karɓi akalar daga hannun saurayin, ya sassauta ta, ya goge jinin hancin da bakin rigarsa. Ya tsaya yana shafa wuyan inda ƙazuwa ta ci, yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da yake cewa ba. Sannan ya juya ya hau tudun, akala a sake a hannunsa, Amale ya bi shi a baya har cikin motar, ba gardama. Shi ya ɗaure shi da kansa, ya gwada igiyar da yatsa don kada ta shaƙe shi. Wallahi na ji kamar in kama Haliru da duka, na kuma ji kamar in haɗa da Manirun.

Da ya sauko, Haliru yana tsaye a gindin tudun, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, “Yaya, ya hi ƙarhina, mutuwa za shi yi a hannuna. Da ka ce kana son shi, wallahi da na kawo ma.”

Maniru ya ce, “Da ka kawo, da na amsa.”

Aka rufe bayan mota, direba ya hau ya tayar. Maniru ya matsa jikin tagar ya ɗaga murya saboda ƙarar inji, ya ce raƙumin nan bai sha ruwa ba yau, ya gani a cikinsa, in sun sami wuri a hanya su tsaya su ba shi.

Direban ya leƙo ya ce, “Baba, ai nan da Sakkwato na. Mahauta na can suna jira.”

Maniru ya ce to. Ya ja da baya ya ba motar hanya.